Taron ƙungiyarmu ya zama kasuwa: ta ina zan fara koyon dokokin zama?

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, an zaɓe ni shugabar ƙungiyar ɗaliban sashenmu a farkon zangon nan. Mambobinmu 64 ne a rajista. Zaman farko da na jagoranta awa uku muka kwashe, kowa na magana a kan maganar kowa. A ƙarshe aka kaɗa ƙuri'a kan sayen littattafai 40 domin ɗakin karatun ƙungiya. Mutum 11 suka ce e, 9 suka ce a'a, mu uku har da ni ba mu kaɗa ba. Na ce an amince. Sai wani ɗan ajin ƙarshe da ya daɗe a ƙungiyar ya miƙe ya ce 11 bai kai rabin 23 ba, don haka hukuncin bai yi ba. Shi ne kuma duk bayan 'yan mintoci sai ya katse mai magana wai an karya doka, ni kuwa ban san dokar ba balle in ja da shi. Kundin tsarinmu shafi shida ne, abin da kawai ya ce game da taro shi ne sai kashi ɗaya cikin uku na mambobi sun hallara. Ji nake kamar in ajiye muƙamin. Ta ina zan fara koyo, kuma yaya zan koya wa sauran?

Wa'alaikumus salam, ƙanwarmu. Kada ki ajiye muƙamin nan. Bari mu fara da ƙuri'ar, tunda ita ta fi tsaya miki a rai, kuma ke ce da gaskiya a kanta.

A ƙa'idar da akasarin ƙungiyoyi ke bi, rinjaye shi ne fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Wanda ya yi rowar ƙuri'arsa ba ya cikin lissafi. Ƙuri'a 20 aka kaɗa a zamanku, rabinsu 10, masu goyon baya 11, ƙuduri ya wuce. Hanya ɗaya ce maganar ɗan'uwan nan za ta zama daidai, wato idan kundinku ya rubuta ƙarara cewa sai an samu rinjayen waɗanda suka halarta, wanda a nan zai zama 12 cikin 23, ko rinjayen dukan mambobi, wato 33 cikin 64. Tunda kin ce kundin bai ce komai ba, ma'anar da aka sani ita ke aiki. Ki kuma kiyayi masu cewa rinjaye "rabi da ɗaya" ne. Idan ƙuri'a 17 aka kaɗa, 9 ta wadatar, amma mai lissafin rabi da ɗaya sai ya nace a kan 10, rigima ta tashi a kan abin da babu shi.

Inda ya kamata gabanki ya faɗi wani wuri ne daban. Kashi ɗaya cikin uku na 64 ya kama 21 da ɗoriya, ba a kuwa raba mutum, don haka sai kun cika 22 kafin zama ya halatta. Ku 23 ne. Da mutum biyu sun gaji sun fice kafin a kaɗa ƙuri'a, abin da ba wuya a taron awa uku, da duk abin da kuka yanke bayan nan ya tashi a banza. Wannan adadi ba a bakin buɗe taro kaɗai ake buƙatarsa ba, sai ya kasance a ɗakin duk lokacin da za a yanke hukunci. Masu rowar ƙuri'a ana ƙidaya su a cikinsa muddin suna zaune. Ki sa magatakarda ya riƙe takardar sa hannu a bakin ƙofa, ya kuma riƙa lura da masu fita. Idan adadi ya gaza, abubuwan da suka rage muku kaɗan ne: ku ɗan dakata a nemo mutane, ku tsayar da ranar da za a ci gaba, ko ku tashi. Kuna iya hira a kan al'amari, amma kada a kaɗa ƙuri'a a kansa, ko da duk waɗanda suka rage bakinsu ɗaya.

Game da inda dokokin suke, littafin da ƙungiyoyin ɗalibai suka fi dogara da shi, musamman a Amurka, shi ne Robert's Rules of Order. Wanda ya rubuta shi, Henry Martyn Robert, injiniyan soja ne. A 1863 aka ce ya jagoranci wani taron coci, abin ya cakuɗe masa kamar yadda ya cakuɗe miki, ya ji kunya, ya duƙufa neman ilimin abin, har ya fitar da littafin a 1876. Bugu na 12 ya fito a 2020, ɗaruruwan shafuka ne, akwai kuma taƙaitaccensa da aka yi domin masu farawa, shi za ki nema. Majalisar dokokin Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta sun fi komawa ga littafin Erskine May, wanda ya fara fitowa a 1844. Tsarin biyu sun yi tarayya a ginshiƙai, sun saɓa a wasu kalmomi har ta kai ga ma'ana ta juye. A Birtaniya idan aka ce a ɗora magana a tebur, ana nufin a gabatar da ita a tattauna. A Amurka kuwa a jingine ta ake nufi. Mutum biyu sai su yi ta sa-in-sa kowa da gaskiyarsa. Maganin wannan shi ne ku zaɓi littafi ɗaya ku rubuta sunansa a kundinku, ku ce duk inda kundin ya yi shiru, shi za a bi. Abin da za mu faɗa a nan tsarin Robert ne. Ki riƙe jerin girma a kanki: dokar ƙasa da dokokin makaranta su ne a sama, sai kundin ƙungiya, sai dokokin zama na musamman da kuka kafa wa kanku, sannan littafin. Abin da aka saba yi shi ne a ƙasan duka, kuma da zarar ya ci karo da rubutacciyar doka wani ya ja hankali, ya faɗi.

Yanzu ga abin da muke ganin ya cinye muku awa uku. Daga yadda kika ba da labari, kun yi ta magana a kan littattafai ba tare da akwai wani takamaiman ƙuduri a gabanku ba, sai a ƙarshe aka haɗa wani abu aka kaɗa. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe tarukan ɗalibai. Idan babu jimla ɗaya da kowa ya san ita ake tattaunawa, ba za ki iya ce wa kowa ya fita daga magana ba, domin babu maganar da zai fita daga cikinta. Dokar farko ke nan: ba muhawara sai an gabatar da ƙuduri, kuma ƙuduri ɗaya a lokaci ɗaya.

Ƙuduri yana bin matakai shida, su za ki haddace kafin komai. Mamba ya ɗaga hannu ko ya miƙe, ki kira sunansa, ya ce, "Ina gabatar da ƙudurin ƙungiya ta sayi littattafai 40 domin ɗakin karatu kafin ƙarshen zango." Wani ya ce, "Na mara baya," ba sai ya jira an ba shi izini ba. Daga nan ke za ki maimaita ƙudurin kalma da kalma: "An gabatar, an kuma mara baya, cewa ƙungiya ta sayi littattafai 40 domin ɗakin karatu kafin ƙarshen zango. Akwai mai magana?" Sai muhawara. Idan ta ƙare ki sake karanta ƙudurin yadda yake a lokacin, ki ce masu goyon baya su ɗaga hannu, su sauke, marasa goyon baya su ɗaga, su sauke. Na shida ki sanar da sakamako da abin da zai biyo baya: "Mutum 11 sun goyi baya, 9 ba su goya ba, ƙuduri ya wuce, ma'aji da magatakarda za su aiwatar."

Mataki na uku shi sababbin shugabanni suka fi tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan abin. Kafin ki maimaita, ƙudurin na mai shi ne, yana iya janyewa ko ya canza kalma yadda ya ga dama. Da kin maimaita ya zama na zauren, ba mai taɓa shi sai da yardar zauren. Idan mutum ya miƙe ya yi ta zuba na minti uku sannan ya ce "ƙudurina ke nan", kada ki karɓa. Ki miƙa masa takarda ya rubuta shi a jimla ɗaya ko biyu, mai faɗin me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe. Ki ajiye ƙananan takardu a kan teburinki domin wannan kawai. Mara baya kuma ba ya nufin mutum ya yarda da ƙudurin, yana nufin ya ga ya cancanci a tattauna. Idan ba wanda ya mara, ki tambaya sau ɗaya, in shiru, ki ce ƙuduri bai samu mai mara baya ba, ki wuce. Kada ki manta da kiran marasa goyon baya ko da kin ga hannuwa sun cika ɗaki, haƙƙinsu ne a gan su. Masu rowa kuwa ba a kiransu.

A muhawara, wanda ya kawo ƙuduri shi ke da damar fara magana. Daga nan ki riƙa sassaɓawa, mai goyon baya, mai adawa, mai goyon baya, gwargwadon yadda kika gane su. Ba mai magana karo na biyu matuƙar akwai wanda bai yi na farko ba kuma yana so. Kowa ke zai fuskanta, da ke zai yi magana, ba da abokin jayayyarsa ba, kuma a soki shawara a bar mai ita. Wannan ƙaramar doka tana rage zafi fiye da yadda ake zato, domin da wuya mutum ya zagi wani alhali fuskar shugaba yake kallo. Littafin ya ba kowa minti goma sau biyu a kan kowane ƙuduri. Ki lissafa, mutum 22 idan kowa ya cinye rabonsa minti 440 ke nan, sama da awa bakwai a kan littattafai kawai. Wannan bai dace da ɗalibai ba. Ku kafa dokarku ta minti biyu sau biyu. Tunda tauye haƙƙin magana ne, sai an sanar tun kafin zaman kuma ta samu biyu bisa uku. Ki naɗa mai riƙe agogo, ya ɗaga kati idan saura daƙiƙa 30, ya sake ɗagawa idan lokaci ya cika, don kada ya zama ke ce kullum mai katse mutane.

Wurin da taro ya fi ruɗewa shi ne gyara, saboda haka bari mu ɗan zauna a kansa. Ana cikin muhawara wata ta ce 40 sun yi yawa. Idan tana son a canza, sai ta faɗi kalmomin: "Ina gabatar da gyara, a cire 40 a sa 25." Gyara iri uku ne, a ƙara kalmomi, a cire, ko a cire a maye da wasu. Yana buƙatar mai mara baya, kuma dole ya shafi abin da ake kai. Gyaran da ya ce a ƙara da shirya gasar ƙwallo bai shafi littattafai ba, ki ce ba ya kan hanya, ya jira nasa lokacin. Da kin maimaita gyaran, muhawara ta koma kansa shi kaɗai, 40 ko 25. Wanda ya miƙe yana cewa shi sam bai ga amfanin ɗakin karatu ba, ki ce masa ya riƙe maganarsa tukuna. Wani na iya gyara gyaran, ya ce a cire 25 a sa 30. Nan ne iyaka, ba a hawa na uku, domin kan mutane ba ya ɗauka. Kaɗa ƙuri'a kuma daga sama ake saukowa, kamar sauke kaya: a fara da 30, sannan gyaran yadda ya tsaya, sannan uwar ƙudurin. Kuskuren da aka fi yi shi ne gyara ya wuce kowa ya tafa a ɗauka an gama. Amincewa da 30 bai sayi littafi ko ɗaya ba, ya dai canza jimlar da ake tattaunawa. Sai kin ce, "Yanzu ƙudurin da ke gabanmu shi ne ƙungiya ta sayi littattafai 30," a ci gaba da muhawara in akwai, a kaɗa ta ƙarshe. Idan akwai allo a ɗakin, a rubuta ƙudurin da manyan baƙaƙe, a ja layi a kan 40 a rubuta 25 a samansa. Rabin ruɗanin zai gushe. Akwai kuma masu juyowa ga wanda ya kawo ƙuduri su ce, "Ka yarda da gyarana?" shi kuma ya gyaɗa kai a ce an gyara. Ba shi da wannan iko, ƙudurin ya bar hannunsa. Ke za ki tambayi zauren ko akwai mai ja, in babu ya shiga, in akwai ko mutum ɗaya a bi matakai.

Wannan tambaya ta "akwai mai ja?" ki riƙe ta da kyau, ita ce mai rage tsawon taro. Amincewa da bayanin zaman baya, ƙara wa mai magana minti ɗaya, tashi idan aiki ya ƙare, duk ba sai an ɗaga hannu ba. Ki ce, "Idan babu mai ja, za mu yi kaza," ki ɗan saurara, ki ce, "Babu mai ja, an amince."

Idan muhawara ta yi tsawo za ki ji ana ihu daga baya, "A kaɗa! A kaɗa!" Ihu ba ya rufe muhawara. Sai wani ya nemi izini, ya gabatar da ƙudurin a rufe, a mara masa, ba a tattauna shi, kuma sai ya samu biyu bisa uku. Hanyar lissafi mai sauƙi ita ce ki ninka masu a'a sau biyu, idan masu e sun kai haka ko sun wuce, ya samu. Ƙuri'a 14 da 7 ta wuce, 13 da 7 ta faɗi. Irin wannan ƙuri'a a tsaye ake yinta ko da ɗaga hannu, kunne ba ya iya auna biyu bisa uku. Dalilin tsananin shi ne duk abin da zai toshe bakin wani ko ya rage masa haƙƙi, rinjaye kaɗai bai isa ba. Idan kika riƙe wannan dalili za ki iya cankar ƙudurorin da ke buƙatar biyu bisa uku ko ba ki duba littafi ba.

Sau da yawa taro na jan ƙafa ne saboda bayani bai cika ba, ba wanda ya san waɗanne littattafai ake da su, waɗanne suka ɓata. Mutum 23 ba za su gano wannan a zaune ba. A miƙa wa kwamiti, amma ƙudurin ya faɗi mutum nawa, wa zai naɗa su, yaushe za su kawo rahoto, in ba haka ba maganar ta mutu ke nan. Idan lokaci ne ya ƙure, a ɗage zuwa zama na gaba, sai ta dawo da kanta cikin ayyukan da ba a gama ba. Jinginewa an yi ta ne domin wani abu na gaggawa da ya taso, a ajiye magana a dawo mata. Masu wayo kan yi amfani da ita su binne ƙudurin da ba sa so ba tare da muhawara ba. In kin ga haka ki tambayi mai gabatarwa wane abin gaggawa ne, in babu, ki ce ba ya kan hanya.

Sai ɗan'uwanku mai katse mutane. Jan hankali kan doka haƙƙi ne na gaske, yana halatta a katse mai magana, ba ya buƙatar mara baya. Amma yana da siffa. Idan ya miƙe ki ce, "Faɗi dokar da aka karya." Ya faɗa a taƙaice ya zauna. Ki yanke: "Jan hankalin ya yi daidai," ki gyara abin, ko "Bai yi daidai ba," ki faɗi dalili a jimla ɗaya, mai magana ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba a kuma cire masa lokacin da aka ci. Za ki tarar yawancin abin da yake kira karya doka rashin yarda ne da abin da ake faɗa, wannan kuwa muhawara ce, ya jira layinsa. Tambaya ɗaya tak, "wace doka?", in kin yi ta sau uku cikin natsuwa, za ki ga ya rage. Idan bai gamsu da hukuncinki ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa ga zauren, wani ya mara masa, ki bayyana dalilinki, a kaɗa ƙuri'a kan ko hukuncin shugaba ya tsaya. Rinjaye ko kunnen doki, hukuncinki ya tsaya. Kada ki ɗauki ɗaukaka ƙara a matsayin raini, ita ce ke sauke miki nauyi, domin daga nan jayayyarsa da zauren ce. Idan abin ya shige miki duhu, kina iya cewa kin miƙa wa zauren ya yanke tun farko, ko ki dakatar da zama na minti biyar ki duba littafi. Ba abin kunya ba ne.

Duk wannan ba zai yi aiki ba sai mambobi sun yarda ba ki da ɓangare. Kin kyauta da ba ki kaɗa ba a ranar. A zauren mambobi shugaba kan kaɗa ne idan ƙuri'ar asiri ce, ko idan ƙuri'arta za ta canza sakamako. Da 10 da 10 aka yi, kina iya kaɗa e ya wuce, ko ki yi shiru ya faɗi, domin kunnen doki faɗuwa ne. Da 10 da 9 ne, kina iya kaɗa a'a ki mayar da shi kunnen doki. Sau biyu dai ba a kaɗawa. In wata magana ta ci ki har sai kin tofa, ki miƙa kujera ga mataimaki, ki koma cikin jama'a, kada ki dawo sai an gama da ƙudurin. Kada ki yawaita haka. Zaman shugabanni kuwa, inda ba ku wuce mutum goma sha biyu ba, littafin ya sassauta: ba sai an mara baya ba, kina iya magana kina iya kaɗawa, ana iya ɗan tattaunawa kafin a tsara ƙuduri. Kada ki ɗauko tsaurin babban zaure ki kai wa mutum bakwai da ke zaune kewaye da tebur ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin zama ki zauna da magatakarda ku tsara ajanda, ku tura wa mambobi. Jerin da aka saba shi ne bayanin zaman baya, rahoton shugabanni da kwamitoci, ayyukan da ba a gama ba, sannan sababbi. Ki rubuta wa kanki jimlolin da za ki faɗa a kowane mataki, ki karanta daga takarda ba tare da jin nauyi ba. Shi magatakarda abin da aka yi zai rubuta, ba abin da aka ce ba: rana da lokaci, wa ya jagoranta, kalmomin kowane ƙuduri, sunan wanda ya gabatar, sakamakon ƙuri'a da adadinta in an ƙidaya, jan hankali da hukuncin da aka yanke. Bayanin da ya cika da "wane ya ce, wance ta mayar masa" shi ke sa a ɓata rabin awa a zama na gaba ana musun wa ya ce me. Rahoton ma'aji na kowane zama ba a kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi, ana karɓa a ajiye wa masu binciken kuɗi, rahotonsu ne ake amincewa da shi.

Koyarwa kuma, kada ki tara mutane ki karanta musu jadawalin ƙudurori ashirin da wanne ya fi wanne girma. Ba wanda zai tuna, masu jin kunya kuma sai su ƙara yin shiru don tsoron kuskure, taro ya koma hannun mutum uku da suka haddace. Ki buga takarda ɗaya, gaba da baya, mai abubuwa bakwai kawai: gabatar da ƙuduri, gyara, miƙa wa kwamiti, ɗagewa, rufe muhawara, jan hankali, tashi. Gaban kowanne a rubuta ainihin jimlar da mutum zai faɗa, ko yana buƙatar mara baya, ko ana muhawara a kansa, da ƙuri'ar da yake buƙata. A ajiye a kan kowace kujera a kowane zama, a tattara bayan an tashi.

Sannan ku yi zaman gwaji na minti 40 a kan abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba, misali ƙudurin a fenta ƙofar ofis kore. Ki rubuta rawa a ƙananan takardu ki raba a ɓoye. Wannan zai kawo ƙuduri, wannan zai ce a cire kore a sa shuɗi, wannan zai yi ihun a kaɗa ba tare da izini ba, wannan zai kawo gyaran da bai shafi ƙofa ba, mutum biyu za su sulale su fita don a ga ko wani zai lura adadi ya gaza. Zagaye na farko ke za ki jagoranta, kina tsayawa bayan kowane mataki ki faɗi dalilinsa. Na biyu ki ba mataimakinki, na uku ki ba wata 'yar ajin farko, ke ki koma kujerar baya. Za a yi dariya, za a yi kuskure, a nan ake so a yi shi. Wanda ya taɓa zama a kujerar ya ji yadda mutum biyar ke kiran sunansa lokaci ɗaya ba ya sake yi wa shugaba ihu kamar da. Bayan haka ki ware minti biyar a farkon kowane zama a koyi abu ɗaya, wani mamba daban ya gabatar kowane karo. Idan sabon mamba ya miƙe ya ce, "Ni dai ina ganin a ba wasu su je su duba," kada ki ce bai bi tsari ba. Ki ce, "Kana gabatar da ƙudurin a miƙa wa kwamiti ke nan? Mutum nawa?" Ki sa masa kalmomin a baki, karo na gaba da kansa zai faɗa.

Shi kuma ɗan ajin ƙarshen, shawararmu ki same shi kafin zama na gaba, ku biyu, ba a gaban jama'a ba. Ki nuna masa lissafin 11 cikin 20. Ki ce masa idan shi da sauran takwas har yanzu ba su gamsu da sayen littattafan ba, ƙofa a buɗe take. Damar a sake duba ƙuri'a ta wuce, domin a ranar ake yinta kuma sai wanda ya kaɗa tare da ɓangaren da ya yi nasara ne ke gabatarwa. Abin da ya rage shi ne ƙudurin soke hukuncin ko yi masa gyara, kowa na iya kawo shi. Idan ya ba magatakarda sanarwa aka sa a takardar kiran taro, rinjaye ya ishe shi. Idan ya tashe shi kwatsam a zaure, sai biyu bisa uku, ko ƙuri'a 33, rinjayen dukan mambobinku. Idan kuwa ma'aji ya riga ya sayo littattafan, babu abin sokewa. Daga nan ki roƙe shi ya taya ki shirya takardar nan mai abubuwa bakwai, ya kuma riƙe littafin a zaman gwaji yana duba muku. In ya nuna da gaske yake, kina iya naɗa shi mai ba shugaba shawara kan doka, ya zauna kusa da ke. Ki dai gaya masa sharaɗin kujerar tun farko: shawara zai ba ki a hankali ko a rubuce, ke ce mai yanke hukunci, kuma muddin yana kanta ba ya shiga muhawara, ba ya kaɗa ƙuri'a sai ta asiri.